Tsarabar Italiya ga suruki: a sayi kwandon Kirsimeti ko a haɗa da hannu?

Ɗan Fagge (Brescia):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah ban da zolaya. In Allah Ya yarda ƙarshen Disamba zan leƙa gida Kano. Surukina mutum ne da ya zaga duniya lokacin yana aiki, kuma yana son abinci mai kyau. Da muka yi waya ya ce kada in wahalar da kaina da takalmi ko turare, in dai zan riƙo masa wani abu to ya zama abin ci na Italiya na asali, irin wanda ba a samu a kantunan Zoo Road. To a wurin aikinmu duk shekara ana raba mana kwandon nan na Kirsimeti, kuma yanzu manyan kantuna sun cika da irinsa, an naɗe da leda mai ƙyalli. Tunanina in sayi babba guda ɗaya in huta. Me kuka gani?

Maman Hanan (Reggio Emilia):
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye wannan tunanin tun kafin ya kai ka ga sunkuyar da kai a gaban suruki. Ka taɓa zazzage kwandon da ake ba ku ka karanta kayan ciki ɗaya bayan ɗaya? Na Kirsimeti kusan duk tsarinsu ɗaya ne: kwalbar giya mai kumfa, salame, sai cotechino ko zampone (duk naman alade ne), sannan panettone, babban burodin nan mai zaƙi, a tsakiya don ya cika ido. Shi zampone ɗin niƙaƙƙen naman alade ne da aka ɗura a fatar ƙafar aladen, da shi suke shiga sabuwar shekara. In ka cire waɗannan, abin da zai rage maka ƙullin taliya ne da ɗan kwalin alewa, sauran duk yankakkiyar takarda ce aka cusa a ƙasa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ɗan Fagge (Brescia):
Anti, ai nawa da ake ba ni maƙwabcina nake miƙa wa, panettone kawai nake cirewa. Na ɗauka akwai waɗanda babu nama a ciki.

Maman Hanan (Reggio Emilia):
Akwai, amma sai ka tarar an maye gurbin naman da giya kwalba biyu. Kuma kuɗin kwandon da kwalliyarsa kai za ka biya, ga shi ba zai shiga akwati ba. Ka haɗa da hannunka. Abu huɗu ko biyar na ƙwarai sun fi tarkace ashirin.

Baba na Napoli:
Maman Hanan ta faɗi gaskiya. Yaro, kafin a fara lissafa maka abin da za ka saya, fara da sanin abin da za ka gudu. Prosciutto, mortadella, pancetta, guanciale, speck, 'nduja, waɗannan kowa ya san alade ne. Inda ake faɗawa shi ne kayan fulawa, waɗanda mutum ba ya zato. In ka ga strutto ko sugna a jerin kayan haɗi, kitsen alade ne. Taralli na nan Napoli da shi ake yi, piadina ta gargajiya ma haka, ɓawon cannoli na Sisili ma yawanci da shi, har da giyar marsala. Taralli na Puglia kuwa man zaitun ake sawa, amma galibi da farar giya ake kwaɓa su. Miyar ragù ta kwalba da wuya ka samu wadda babu alade a ciki. Ka juya bayan kwali ka nemi suino, maiale, lardo, gelatina, vino, liquore, rum, alcool, duk suna iya nuna akwai alade ko giya. Gaban kwali na ɗan kasuwa ne, bayansa shi ne naka.

Bazazzagiya (Torino):
Ni fa ban ga abin wahala ba. A saya wa Baba Ferrero Rocher kwali uku da Nutella babba, an gama. Duk wanda na kai wa a gida murna yake yi.

Ɗan Fagge (Brescia):
Hajiya, waɗannan ai har a Kano ana sayar da su. Abin da ya ce ba ya so ke nan.

Maman Hanan (Reggio Emilia):
To bari in faɗi nawa, kuma na san za a ce son kai ne tunda a garinsa nake zaune. Ka saya masa cukun Parmigiano Reggiano. In ana maganar abincin Italiya na asali wanda zai jure tafiya, babu na biyunsa.

Ga yadda za ka gane na gaske. Ba a yin sa sai a Parma, Reggio Emilia, Modena, da wani sashe na Bologna da na Mantova. Abu uku ne kacal a cikinsa: madara, gishiri, da abin daskarar da madarar. Kowane curi yana kai kilo 40, kuma madara wajen lita 550 ke shiga cikinsa. Sai ya yi wata 12 a ajiye kafin masu dubawa na ƙungiyar masu yin sa su zo su ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma, su saurari ƙarar, in babu rami ko tsaga a ciki sannan a buga masa tambari da wuta. Ɓawonsa kuma zagaye yake da sunan an rubuta da ɗigo-ɗigo. Saboda haka kada ka sayi wanda aka riga aka goge a leda, kada kuma ka sayi yanki marar ɓawo. Ka nemi yanki mai ɓawo ka ga ɗigon da idonka.

Akwai mai wata 12, mai 24, mai 30, mai 36. Ga wanda bai saba ba ni na fi son mai 24. Ya yi ƙarfi yadda zai jure hanya, bai kuma yi kaifin da zai kori mutum ba. In ka ɓantare shi za ka ga wasu fararen ƙwayoyi a ciki masu ƙaras-ƙaras a haƙori. Ka gaya wa mutanen gida tun da wuri cewa ba lalacewa ba ce, alamar ya kwana biyu ne. Ka ce wa mai shagon ya yi maka sottovuoto, wato a zuƙe iskar ledar. Ka sa a raba maka gida biyu ko uku, don a buɗe ɗaya sauran su zauna a rufe.

Darajarsa a nan har ta kai akwai banki a garin nan, Credem, da ke karɓar curin cukun a matsayin jingina tun 1953, yana da rumbunan ajiye su.

Bazazzagiya (Torino):
Anti, duk na ji tarihin, amma ki faɗi gaskiya, wa zai ci? Ni na taɓa kai cuku gida, aka buɗe, kowa ya toshe hanci, ƙarshe a bola ya kwana. Mutanenmu ba su saba ba. Kuɗin da za a zuba a kilo ɗaya ya haura Yuro 20, a je a zubar.

Maman Hanan (Reggio Emilia):
Wane iri kika kai? In gorgonzola ne ko taleggio, ai ni ma sai in toshe hancin. Parmigiano busasshe ne. Kuma kuskuren da ake yi shi ne a miƙa wa mutum ba bayani, ya gatsa kamar burodi. Aikinsa a tukunya aikin daddawa ne, kaɗan ake sawa ya tayar da ɗanɗanon abinci. A goga a kan taliya mai zafi, ko a kan miyar kayan lambu, ko a ɓantari ɗan ƙarami a ɗiga masa zuma. Wanda ya zauna da daddawa a kicin ba shi da bakin cewa wani abu yana wari.

Malam Ɗalibi (Perugia):
Allah Ya saka da alheri. Amma akwai abin da aka wuce da sauri, kuma tunda tsaraba ce ga dattijo ya kamata a faɗa. Abin daskarar da madarar nan, caglio, daga tumbin ɗan maraƙi ake ciro shi, kuma dokar Parmigiano ba ta yarda a yi amfani da wani iri ba. To ɗan maraƙin nan wa ya yanka shi, kuma ta yaya? Malamai sun yi saɓani tun da can a kan wanda aka ciro daga dabbar da ba a yanka bisa shari'a ba. Imam Abu Hanifa yana ganin mai tsarki ne, Ibn Taimiyya ma ya rinjayar da haka. Mashhurin zance a wurin Malikiyya da Shafi'iyya kuwa shi ne ba mai tsarki ba ne. Sannan ga bahasin yankan Ahlul Kitabi, shi ma da nasa tsawon. Ba fatawa nake bayarwa ba, ni ɗalibi ne. Amma Kano ƙasar Malikiyya ce, ya kamata ɗan'uwa ya san irin surukin da yake da shi.

Baba na Napoli:
Malam, mu da muka tsufa a ƙasar nan muna ci, kuma limamai da dama da muka yi salla a bayansu suna ci.

Malam Ɗalibi (Perugia):
Baba, ban ce wanda ya ci ya yi laifi ba, ai na kawo masu halattawa da sunansu. Abin da nake cewa, kai ka zaɓar wa kanka ra'ayi, amma mai karɓar kyauta ba a ba shi damar zaɓa ba in ba a gaya masa ba. Mafita biyu ce. Akwai wasu gidajen yin Parmigiano da ke da takardar shaidar halal, sai a nema, ko da yake ba a kowane kanti ake samu ba. Ko kuma a sayi wani cukun da aka rubuta caglio vegetale ko caglio microbico, wanda babu dabba a cikin abin daskarar da shi. In duk bai samu ba, ya faɗa wa surukin yadda abin yake, shi ya yanke.

Maman Hanan (Reggio Emilia):
Wannan na yarda da shi. Ƙanena, in ka shirya ka yi mini magana ta gefe, zan tambaya maka a nan inda ake samun mai shaidar. Kuma kada wani ya ce maka Grana Padano ya kuɓuta daga wannan, shi ma na maraƙin ne. Ya fi araha dai, tunda daga wata 9 ake fara sayar da shi.

Ɗan Damagaram (Foggia):
Salamu alaikum. Ni ban san cuku ba, amma man zaitun na sani, don da hannuna nake karkaɗo 'ya'yan. Kuma ka yi sa'ar lokaci. Daga Oktoba zuwa Disamba ake girbi, saboda haka lokacin tafiyarka sabon mai ya fito.

Kada sunan Italiyanci da hoton tuta a gaban kwalba su ruɗe ka. Da yawa a nan aka ɗura su kawai, man kuwa haɗe-haɗe ne daga Sifen da Girka da wasu wurare. Doka ta tilasta a rubuta asalinsa, amma da ƙananan baƙaƙe suke rubutawa. In ka ga miscela di oli, gauraye ne. Ba wai guba ba ne, ni ma shi nake girki da shi, amma ba shi ne na kai wa suruki ba. Ka nemi extra vergine, 100% italiano, da shekarar girbi a jiki. Wanda aka rubuta olio di oliva kawai an haɗa shi da tataccen mai na masana'anta, olio di sansa kuwa daga tuƙar da ta rage ake fitar da shi. In da tambarin nan ja da rawaya na DOP, to an tabbatar da yankin da ya fito.

Na Puglia, musamman na zaitun ɗin coratina, yana da ɗaci kuma yana kama maƙogwaro har ka yi tari. Masu abin sun ce wannan tarin shi ne shaidar mai kyau. Amma ga wanda bai saba ba, na Liguria na zaitun ɗin taggiasca ya fi laushi a baki. Ka sayi na gwangwani, ba na kwalba ba. Ba ya fashewa a akwati, haske kuma ba ya shiga, don haske da zafi su ne ke kashe shi.

Bazazzagiya (Torino):
Ka kai wannan mai tsadar Kano, wallahi shafawa za a yi da shi a gwiwa, ko a ajiye don tofi. 😂

Ɗan Fagge (Brescia):
Hajiya, kin san gidanmu ke nan. Surukata na da ciwon ƙafa, ina ganin rabi can zai tafi.

Ɗan Damagaram (Foggia):
To sayi biyu, ƙarami nata, babba na Alhaji. Amma ka roƙe su kada a ajiye shi shekara da shekaru ana tattali. Ba ya ƙara kyau da daɗewa, cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya kamata a ƙarar. Kuma ba na suyar ƙosai ba ne. A zuba ɗanye a kan kwaɗon zogale ko dafaffen wake bayan an sauke, a nan ake jin kuɗin.

Wani abu kuma, tunda an zo wurin. In ka ga mai ko tumatirin gwangwani da araha ta wuce hankali, ka san wani ne ya biya da guminsa. A gonakin nan na Foggia, da na zaitun a Campobello di Mazara can Sisili, 'yan'uwanmu baƙar fata ne ke yawancin aikin, kuma har yanzu akwai 'yan kamasho masu kwasar ma'aikata a mota suna yankar kuɗinsu, duk da dokar da aka yi a kansu a 2016. Ga kuma cutar Xylella da ta kashe miliyoyin itatuwan zaitun a kudancin Puglia tun 2013. Mai na gaskiya ba zai yi arha ba. In ka samu na ƙaramin manomi ko na ƙungiyar manoma, ka saya ko da ya ɗara kuɗi.

Baba na Napoli:
Allah Ya kawo muku sauƙi, ɗana. Maganar tumatir kuwa a bar ta. San Marzano namu na nan kusa da Napoli yana da kyau, babu musu, amma a ɗauki gwangwanin tumatir a kai wa mutanen Kadawa da Kura, kuma a watan da tumatir ke fara cika kasuwa? Nauyi ne kawai.

Taliya dai zan sa baki. Gragnano, wani gari nan kusa da mu, sun shahara da ita tun ƙarnuka. Da alkama mai tauri ake yi, a matso ta ta bakin tagulla, shi ya sa za ka ga jikinta da kaushi kamar an barbaɗa gari, ba santsi da sheƙi ba. Wannan kaushin ke riƙe miya. Ka duba ka ga trafilata al bronzo a jiki. Ƙulli biyu sun isa. Sharaɗi ɗaya: ranar farko kai za ka shiga kicin ka dafa, ka bi mintocin da aka rubuta a leda. In ka bar wa yaran gida za su dafa ta har ta zama kunu.

Injiniya (Modena):
An yi ta magana ba a ambaci abin da ya fi kowane dacewa da babban mutum ba. Balsamico na gargajiya. Ƙaramar kwalba ce, mililita 100, ba nauyi, ba ta lalacewa, ba ruwanta da firji ko ɗauke wuta.

Bazazzagiya (Torino):
Baƙin ruwan khal ɗin nan? Ai Yuro 3 ne a kantin unguwarmu.

Injiniya (Modena):
Hajiya, abu biyu ne masu suna kusan ɗaya, kuma nan ake cin kuɗin baƙi. Wanda kike gani shi ne Aceto Balsamico di Modena IGP, mai tambari shuɗi da rawaya. Ruwan inabi ne da aka haɗa da khal na giya, an yarda a ɗan sa masa ƙonannen sukari don launi, kuma kwana 60 kacal doka ta nema kafin a sayar. Ɗayan kuwa sunansa da ƙarin kalmar Tradizionale, tambarinsa DOP. Dafaffen ruwan inabi ne zalla, babu ƙarin komai. Ana zuba shi a jerin gangunan katako, daga babba zuwa ƙarami, kowace da irin itacenta, a ajiye a saman bene ƙarƙashin rufi inda zafin bazara da sanyin hunturu ke dukansa. Duk shekara a ɗebi kaɗan daga ƙaramar ganga, a cike ta daga wadda ke bi mata, haka har zuwa babbar. Mafi ƙaranci shekara 12. Wanda aka rubuta extravecchio ya kai 25. A da, a gidajen nan, in an haifi 'ya mace akan fara mata jerin gangunanta, ta tafi da su gidan miji.

Kwalbarsa ma iri ɗaya ce ga kowa a Modena, mai zagayen ciki, Giorgetto Giugiaro mai zanen motoci ne ya zana ta. In ka ga doguwar kwalba mai kakin zuma a baki da rubutun zinare amma babu Tradizionale, kwalliya ce. Na gasken daga wajen Yuro 50 yake farawa, mai shekara 25 ya kan haura 100. Ɗigo ake yi da shi, a kan cukun da Anti ta faɗa, ko gasasshen nama, ko 'ya'yan itace.

Ɗan Damagaram (Foggia):
Yuro 100 a kan abin da bai cika kofin shayi ba? Injiniya, aikin kwana nawa ke nan a gona ka sani?

Injiniya (Modena):
Na sani, ɗan'uwa, kuma ban ce kowa ya saya ba. Amma shi ya ce surukin ya san duniya. Irin wannan mutumin abin da zai nuna wa abokansa ya ba da labari yake so, ba abin da zai cika ciki ba.

Maman Hanan (Reggio Emilia):
Ni a nan ban bi ka ba, Injiniya. Kyautar da ba a san yadda za a yi da ita ba a kabad take ƙarewa. Balsamico na mutumin da ya riga ya san shi ne. In Alhaji bai taɓa ambatarsa ba, a sa kuɗin a mai da cuku. Kuma mu ma a Reggio muna da namu na gargajiya, ba ku kaɗai ba ne, sai dai ba ma cika baki.

Malam Ɗalibi (Perugia):
Game da khal, don kada a tambaya daga baya: hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci. Kuma kowane khal, har na gargajiyar da Injiniya ke yabo, sai ruwan ya fara tsima kafin ya juye ya yi tsami. Giyar da ta juye da kanta ta zama khal babu saɓani a kan tsarkinta. Saɓanin yana kan wadda aka juyar da gangan, Hanafiyya sun halatta, Shafi'iyya da Hanabila sun tsananta. Wannan ya fi batun cuku sauƙi a wurin yawancin mutane, amma kalmar vino da ke jikin mai arhar tana iya tayar da hankalin wanda ya gani a gida.

Bazazzagiya (Torino):
To tunda an ƙi Ferrero ɗina, bari in yi magana a kan zaƙi, don duk kun manta da Hajiyar gidan da jikoki. Mutum ba zai shiga gidan surukai da cuku da mai kawai ba.

Nan Torino gidan cakulan ne. Gianduiotto, mai naɗin takardar zinare, cakulan ne da aka niƙa da nocciola ta Piemonte, wata ƙwaya mai kama da gyaɗa, tun 1865 ake yin sa. Daɗi kam babu magana, amma laushinsa ya yi yawa, yana jin ɗumi zai narke. Disamba da sanyin hunturu a Kano zai iya tsira in ba a bar akwati a rana ba. Wanda ya fi jure zafi shi ne na Modica, can Sisili. Ba a narkar da sukarin cikinsa, shi ya sa za ka ji yana ƙaras-ƙaras. Wasu na so, wasu na cewa kamar bai gama haɗuwa ba.

Abin da ban taɓa ganin an ƙi ba shi ne torrone. Alewa ce ta zuma da farin ƙwai da almon, ta Cremona ta fi suna, kuma garin ba shi da nisa da Brescia. Ka ɗauki mai tauri, ka karanta bayan kwalin, don akwai masu ɗanɗanon giya. Mon Chéri kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka sa a akwati, giya ce tsundum a cikin kowace ƙwaya.

Ɗan Fagge (Brescia):
Panettone fa? Shi nake ci duk shekara, kuma ina ganin zai burge.

Bazazzagiya (Torino):
Na gargajiya mai zabibi da ɓawon lemo yawanci lafiya lau ne, fulawa ce da man shanu da ƙwai. Masu cike da kirim su ne ake yawan sa wa giya, sai ka duba. Matsalarsa girma. Kwalinsa zai cinye kwatan akwatinka, in kuma ka danne shi ya tashi daga panettone. Sai dai ka riƙe shi a hannu har Kano.

Ɗan Damagaram (Foggia):
In za ka sayi fistashiyo ko man shafa burodi na fistashiyo, ka kula. Kowa cewa yake nasa na Bronte ne, alhali Bronte ƙaramin gari ne a gindin dutsen Etna, kuma shekara bibbiyu suke girbi. In babu tambarin DOP, daga wani wuri ya zo. A kwalbar shafawar kuma ka duba kashi nawa ne fistashiyon, don wasu sukari da mai ne suka fi yawa.

Injiniya (Modena):
Haka man tartufo (wani irin naman kaza mai ƙamshi da ake haƙowa a ƙasa) da ake jerawa a shagunan filin jirgi. Yawancinsa ƙamshin haɗi ne aka sa a mai, in ka ga aroma a jiki ka ajiye. Shi farin tartufo na Alba na gaske kwanaki kaɗan yake yi ya mutu, ba kayan tafiya ba ne.

Baba na Napoli:
Alhaji na shan gahawa? In yana sha, ka haɗa masa da butar moka, wadda Bialetti ya ƙirƙiro a 1933, da garin kofi ƙulli biyu wanda aka niƙa don ita. A kan risho ko gas take aiki, ba ta buƙatar lantarki. Komai zai ƙare, ita tana nan.

Ɗan Fagge (Brescia):
Yana sha sosai, Baba, tun zamansa a waje. Wannan ban ma yi tunaninsa ba.

To ga inda na tsaya. Parmigiano mai wata 24, kilo ɗaya a raba biyu, in Anti ta samo mai shaidar halal, in ba a samu ba zan kira shi in faɗa masa kafin in saya. Man zaitun gwangwani biyu. Taliyar Gragnano ƙulli biyu. Moka da kofi. Torrone da cakulan Modica na Hajiya da yara. Balsamico sai wata tafiyar, Injiniya ka yi haƙuri. Yaya zan shirya su? Ta Alkahira zan bi.

Maman Hanan (Reggio Emilia):
Mai da duk wani abu mai ruwa a babban akwati, kada ka sa a jakar hannu a karɓe maka a wurin bincike. Ka naɗe bakin gwangwanin da salatif, ka sa a leda biyu, ka cusa tsakiyar tufafi. Cukun ya kwana a firji, sai za ka fita ka ɗauko. Kwana ɗaya a hanya ba zai yi masa komai ba in ledar ba ta huje ba, ko ya ɗan yi gumin mai a goge kawai. Da ka isa a mayar da shi firji. In wuta na wasa a unguwar, a goge wanda aka buɗe a sa a firiza. Ka bar komai a ledarsa ta kanti, ka riƙe rasit saboda kwastam. Duk abin da ka lissafa bai fi kilo 6 ko 7 ba, a cikin kilo 23 da jirgi ya ba ka.

Injiniya (Modena):
Za ka dawo ka nemi balsamicon nan, ina nan.

Bazazzagiya (Torino):
To mu kuma tukuicinmu kilishi, in za ka dawo. Na Agadasawa nake so.

Baba na Napoli:
Kul. Dokar Tarayyar Turai ta hana fasinja shigo da nama ko kayan madara daga waje, busasshe ne ko ɗanye. In suka buɗe akwati a filin jirgin Malpensa na Milan za su ƙwace, wataƙila har da tara. Ya kawo kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, su ma a daka su a ƙulle da kyau.

Bazazzagiya (Torino):
To a ƙara da dakakkiyar citta da kanumfari. Zan turo kuɗin.